Tagar Da Ta Manta Zanen Tsoho

Matso da kujerarki, Malama Talatu. Na duba manhajar zanen da kika rubuta, layinta na fita sumul, ba laifi. Amma ɗazu da na jawo wata taga a allon kwamfuta na ɗora a kan tagarki, na janye, sai na ga fili fari fat inda furen da kika zana yake. Kika yi dariya kika ce ƙaramin gyara ne, sai wani makon. Ni kuwa duk sa'ad da na ji "sai wani makon" a bakin mai rubuta manhaja, hankalina ba ya kwanciya. Kin dai san kwamfuta ba ta yi wa kowa ajiyar abin da ke cikin tagarsa. In aka rufe taga aka buɗe, manhajar take ce wa ta sake zanawa, wadda ba ta adana layukanta ba kuwa sai ta yi zuru. To, bari in ba ki misali.

An yi wani tsoho mai zanen babbar riga. Shi ne ke zana adon aska da tambari da tawada a kan yadi kafin maɗinka su bi da zare. Aikinsa ke nan tun yana saurayi, kuma babu ko zane ɗaya da ya rage a hannunsa, don zare ke binne tawadar, riga kuma ta bi mai ita. Akwai wani zane da ya gada a wurin mahaifinsa, mai wuyar gaske, wanda babu mai iya shi a garin sai shi, a ka yake riƙe da shi. Da tsufa ya zo, ido ya yi rauni, siririn layi ya daina ganuwa gare shi. Ɗansa, magidanci mai rubuta manhajar kwamfuta, ya ji tausayin uban, ya kuma ji tsoron kada zanen ya bi shi kabari. Sai ya haɗa masa manhaja mai faffaɗar taga, mai layi baƙi ƙirin da kauri, yadda ko mai raunin ido zai gani. Ya ƙawata ta sosai, har launin tawadar sai da ya daidaita. Abu ɗaya ya bari: layin da aka ja a kan tagar kawai yake sauka, ba a adana shi a ko'ina. Ya san da haka sarai. Ya ce a ransa, in tsoho ya gama sai ya ɗauki hoton allon, sauran gyara kuma daga baya.

Ran nan da hantsi ya zaunar da uban a zaure, ya sa masa alƙalamin allo a hannu. Da farko tsoho ya yi ta tsaki, wai alƙalamin da ba ya shan tawada ba alƙalami ba ne. Amma da ya ga layi ya fito ɓaro-ɓaro, ya gan shi da idonsa bayan dogon lokaci, sai ya duƙufa. Hannu na rawa, yana tallafe shi da ɗayan. Aka kawo abinci ya ce a ajiye. Zane ya yi ta tsiro daga wuyan riga zuwa aljihu, ɗan na gefe yana kallon abin da ko shi bai taɓa ganin cikarsa ba. Saura ƙulli na ƙarshe aka ɗauke wuta. Wata 'yar taga ta faɗo a tsakiyar zanen tana gargaɗin batir ya yi ƙasa. Ɗan ya miƙa hannu ya rufe ta, sai ga farin fili inda ta zauna, zuciyar zanen ta tafi. Cikin ruɗewa ya sauke babbar tagar ya sake ɗago ta ko zai dawo, nan sauran ma ya tafi gaba ɗaya.

Tsoho ya matso da fuskarsa dab da allon, ya daɗe yana dubawa, yana zaton idonsa ne ya ƙara mutuwa. Da ya gane, bai yi faɗa ba. Ya ajiye alƙalamin a hankali ya ce, "Ba komai, ɗana. In Allah ya kai mu gobe ma sake." Wannan magana ta fi zagi yi wa ɗan ciwo. Ya zauna nan take ya rubuta gyaran, kafin la'asar ta yi sanyi ya gama, don aikin bai taka kara ya karya ba. Washegari tsoho ya ce kafaɗarsa ta gaji, a bari ya huta. Kafin hutun ya ƙare, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya ɗauke hannun dama da harshe. Ya yi jinya mai tsawo. Wani lokaci ɗan kan ga yatsan hagunsa na yawo a kan tabarma, sai ya kawo allon da sauri, amma abin da ke fita karkataccen layi ne kawai, tsoho ya kau da kai hawaye na bin kuncinsa. A haka ya rasu.

Manhajar tana nan har yau a kwamfutar ɗan. Ki rufe tagar, ki buɗe, ki ja ta, ki matse ta, ba ta mance ko ɗigo. Abin da take sake zanawa da aminci kuwa shi ne karkatattun layukan nan na hannun hagu. Abin na ba ni tausayi duk sa'ad da na tuna.

Don haka, Malama Talatu, kada ki tashi daga kujerar nan, yau za ki yi gyaran nan. Ba ki san wanda zai zauna gaban tagarki ba, ba ki kuma san ko zai samu damar zana abinsa sau biyu ba. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.