Girbin Ƙarshe a Mahuta

A kakar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Tanko ɗan ƙwadago ya iso Mahuta bisa dokinsa, kamar yadda yakan zo kowace shekara yankan dawa a gonar Malam Sule. Ya tarar an jibge bulo a gefen gonar. Lantana, 'yar Malam, tana tsaye ƙarƙashin ɗorawa.

"Baba ya sayar da ita," ta ce. "Gidajen ma'aikata za a gina. Baɗi babu dawa, babu abin da zai kawo ka."

Tanko ya sauko a hankali, ya kasa haɗa ido da ita. Ta ci gaba da magana.

"Yaya Auwal ya samo maka aiki a masaƙa. Baba ya ce in ka zauna, ka turo magabatanka."

"Lantana, ban taɓa aiki a ƙarƙashin rufi ba. Daga nan a Kaciya ake jirana, wani girbin."

"Na sani. Ni ma jiran nake yi, amma ya ƙare."

Ya daɗe yana duban hanyar kudu, dokin na jan linzami. Sannan ya sunkuya ya kwance majayi, ya sauke sirdin ƙasa.

"Sai kin yi haƙuri da ni," ya ce. "Zan riƙa farkawa da asuba ina neman hanya."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"In ka farka, zan gaya maka ka riga ka iso."