Wa Ya Sha Giyar Maigida Kuok?

"Yaya giya, tana tafiya?" Maigida Kuok ya tambaye ni ta waya.

"Sito ya kusa ƙarewa, Maigida."

Ya bushe da dariya. Shi ya yi ta zarya a hukuma har aka sassauta doka, aka bar gidan cacarmu na Macau ya raba giya kyauta. Wai gidajen cacar Manila na kwashe mana baƙi, kuma ɗan caca in ya bugu, aljihunsa ba ya rufuwa.

"To me ya sa mu ake cinyewa?"

"Sauko ka gani."

Ya sauko ina miƙa wa Kawu Sou, tsohon ɗan cacan gidanmu, kofin giya. Kawu ya karɓa hannu bibbiyu, ya rusuna, ya tsiyaye ta a ƙasa don Tou Tei, abin bautarsu mai tsaron wuri. Tun ranar da ya fara yin haka ya ci caca, kowa ya ɗauki al'adar.

"Kawu, sha ake yi!"

"Ina caca in sha giya? Mahaukaci ne ni? 'Yata, kawo shayi."

Maigida ya dubi takalminsa, ya jiƙe sharkaf.

"Duk gidan nan ba wanda ya bugu?"

"Akwai, Maigida," na ce. "Kafet."