Jirgin Ƙarshe Kafin Tabki Ya Daskare

Masu zuwa hutu sun watse, otel-otel ɗin tsibirin sun rufe. Wendell na shirin shiga jirgin ruwa na ƙarshe, sai ga Corinne a guje, ko rigar sanyi babu.

"Kada ka tafi," ta ce tana haki. "Na yarda, zan aure ka."

"To, shigo mu tafi."

Ta waiga kan tudu, inda mahaifinta ke zaune a keken guragu. Duk duniya ita kaɗai yake ganewa yanzu.

"Wendell, don Allah, ka zauna."

"Tsibirin nan ya cinye ni, Corinne."

Ta riƙe rigarsa gam. Bai fizge ba. A hankali ya ɓamɓare yatsunta, ya sumbace su, ya shiga jirgi.