Sai Bayan Wata Shida

"Akwai mai wata tsohuwar cuta a gidan?" in ji jami'ar inshora, biro a hannu.

Na dubi matata. Kwana tara ke nan da ta ji ƙullutu a nononta, muka ƙi zuwa asibiti, domin duk abin da likita ya rubuta kafin rajista, inshora ba ta biya. Makarantar da nake koyarwa kuwa takardar yabo kaɗai take ba malamanta.

"Lafiyarmu ƙalau," na ce.

Ta buga hatimi tana murmushi. "Barka, Malam. Amma tiyata sai bayan wata shida."

A bakin ƙofa matata ta gyara mini wuyan riga.

"Ka iya baki yau, Baban yara. Saura ka lallashi ƙullutun ya jira."