Gurbin da Ya Riƙe Muryar Mai Fito

Kai da ka zo ka ce in koya maka kalmar umarni kawai, don ka riƙa juya ma'aikatanka da Turanci, sauran kalmomin kuma ba ka da lokacinsu, gyara zama ka ji.

An yi wani mai fito a bakin wani babban kogi, ƙaƙƙarfan mutum, wanda ya gaji jirgi da sana'a daga mahaifinsa, ba shi kuma da wata hanyar abinci sai ita. A tsakiyar kogin akwai wani gurbi mai zurfi, ruwansa baƙi wuluk ko da rana tsaka. Al'adar masu fito a wurin, in an iso gurbin sai a ɗaga filafilin tuƙi daga ruwa, kowa ya yi shiru, mai jirgi ya yi sallama a hankali ya ce a ba su hanya, sannan a jira har ruwa da kansa ya tura jirgin gaba. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ake yi wa sallamar. Ana nan sai wasu Turawa suka zo auna wurin da za a yi gada, suna neman mai fito da ke jin yarensu. Mutumin nan ya ƙwallafa rai. Ya je wurin wani tsohon malamin makaranta, yana kai masa kifi, shi kuma yana koya masa. Suka iso kan 'yan ƙananan kalmomin nan da Bature ke sawa kafin ya faɗi aiki: can ta iyawa, must ta dole, may ta neman izini, might ta wataƙila. Biyun farko suka zauna masa daram a baki, kullum yana tuƙi yana rera su. Biyun ƙarshe kuwa ya ce na ragwaye ne, namiji ba ya roƙo, ba ya kuma cewa wataƙila. Tsohon ya ce masa 'yan gida ɗaya ne, ba a ɗaukar biyu a kori biyu. Ina, gogan naka ya yi kunnen uwar shegu.

Ranar da ya ɗauki Turawan, rana ta take, iska ta ɗauke ɗif. Da suka doshi gurbin, hannunsa ya fara ɗaga filafili da kansa, don jiki ya saba. Sai babban cikinsu ya tambaye shi ko lafiya. Kunya ta rufe shi. Ta yaya zai gaya wa mutumin da ya zo da na'urar auna ruwa wai izini yake jira? Ya buɗe baki da Turancinsa sabo fil, ya ce shi ya iya, ruwa kuma dole ya ba shi hanya, ya caka filafili. Suka haye lafiya lau, Turawa suka yi dariya, suka ba shi aikin. Shi kaɗai ya waiwaya ya ga jirgin bai bar ko alamar tsaga a bayansa ba, ruwan ya kwanta sumul kamar ba a taɓa shi ba.

Washegari ya ɗebo wasu mata 'yan kasuwa. Suna isa gurbin jirgi ya tsaya cak. Ya tuƙa har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, gaɓa tana nan inda take. Sai ya ji wata murya daga ƙarƙashin jirgin, daidai tafin ƙafarsa, tana bita a hankali kamar ɗalibi mai ladabi. Muryarsa ce. Tana maimaita kalmomin nan biyu da ya ƙi koya, tana neman izini, tana cewa wataƙila. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Matan ba su ji komai ba, gumi kawai suka ga yana tsiyaya masa. Ya buɗe baki zai yi sallamar mahaifinsa, iska ce kaɗai ta fito. Wani jirgi ya zo ya kwashe matan, mai shi ya yi sallama, ruwa ya tura su suka wuce. Shi kuwa sai da ya juya baya sannan gurbin ya sake shi.

A tudu bakinsa ƙalau, a kan gurbin babu murya. Ya canja jirgi, ya yi sadaka, ya roƙi 'yan'uwansa masu fito su yi sallamar a madadinsa. Duk jirgin da ya taka, a nan yake tsayawa, har suka daina ɗaukarsa. Turawa suka nemi wani. Ya koma wurin tsohon ya koyi kalmomin biyu har suka zauna, amma an riga an yi. Ya tsufa a bakin kogin yana ɗinke wa wasu taru, jirgin mahaifinsa ya ruɓe a kan yashi, kaji na yin ƙwai a ciki. Masu fito sun ce har yau, in sun ɗaga filafili da rana tsaka suka yi shiru, suna jin muryar a ƙasa tana neman izini, ba a kuma amsa mata ba.

To, buɗe littafinka mu fara da kalmomin da ka raina. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.