Mai Riƙe da Wayar Rediyon Zango

Lasifikar tana saƙale a reshen mangwaron ƙofar gidan Malam Seini. Buraima ne ya haɗa ta da tarkacen da ya tsinto a Magazin, unguwar makanikai, inda yake gyaran wutar mota: batirin lori, tsohon ƙaho, da wayar jan ƙarfe da yakan kitsa ragowarta idan hannunsa ba aiki. Mutane suka sa mata suna Rediyon Zango.

Tun da gwamnati ta ce baƙo marar takarda ya bar Gana, gindin mangwaron bai sake rabuwa da jama'a ba. Ga mai cigiyar ɗa, ga mai sayar da gado da tukwane, ga mai neman gurbi a lori.

Dattawa suka kafa doka. Duk mai magana sai ya fara raɗa wa Buraima a kunne. Ba a faɗin inda wani ya ɓuya. Ba a shelar mutuwa, domin mutuwa da ƙafa ake kai ta, a yi sallama, a zauna. Wanda ya ƙetare, Buraima ya zare waya daga batir. Ba mai biyansa, bai kuma taɓa fashi ba.

Shi haifaffen Kumasi ne, korar ba ta shafe shi ba. Matarsa Sahadatu kuwa daga Nijar aka kawo ta, ga shi tana jego. Gidan hayarsu ya watse, ɗakinsu kaɗai ya rage. Kowa ya ɗauka ɓoye ta ya yi, ba mai tambaya. Itacen ruwan wankanta yana nan jibge a ƙofa.

Wata la'asar, Jibirin direba ya shigo daga hanyar arewa, ido jajur. Ya sunkuya a kunnen Buraima, ya daɗe yana raɗa. Ya buɗe tafin hannunsa kaɗan, ya rufe. Buraima ya kalli reshen mangwaro har sai da wani ya yi tari.

"Wannan ba ta lasifika ba ce," in ji Buraima.

Jibirin ya fizge abin magana. "Jama'ar Zango! Lorin da ya tashi ran Talata, bayan Tamale..."

Buraima ya zare waya.

Wurin ya rikice. Mma Mamunatu mai koko, wadda ɗanta yake cikin lorin, ta caƙumi wuyan rigarsa.

"Mayar da wayar nan, ɗan nema! Gwamnati ta hana mu zama, kai kuma ka hana mu ji?"

"Ina ruwansa?" wani ya ce daga baya. "Tasa matar tana ɗaki tana shan kunun kanwa."

Dutse ya sami Buraima a goshi. Bai goge jinin ba. Ya naɗe wayar a yatsunsa.

"Mma, koma gida," ya ce a hankali. "Ki shimfiɗa tabarma."

Hannunta ya saki rigar da kansa.

Malam Seini ya fito, yana jan carbi. Shi ma ya so ya ji. Amma ya dubi fuskokin, ya ce doka dai su suka kafa ta, kowa ya tafi ƙofarsa ya jira.

Haka suka shiga lungu-lungu, Buraima a gaba, Jibirin a baya. Jibirin ne ya iske lorin a kife, da shi aka yi sutura, waɗanda suka tsira suka ba shi sunaye. Buraima ne ya san gidajen. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna, ya bari a kawo ruwa, sannan ya faɗa. Inda aka tsira, da wannan yake farawa tun daga soro. Ɗan Mma Mamunatu ƙafa ce kawai ta karye. Ta durƙusa tana neman gafararsa, ya ɗaga ta.

Ana kiran magariba Jibirin ya tsaya, ya sake buɗe tafinsa. Ɗan ƙaramin awarwaro ne, wanda yatsu biyu ba za su shiga ba, kitson jan ƙarfe.

"Saura mai jegon nan da jaririyarta da muka binne. An ce da asuba ta shiga lorin, a lulluɓe, ba wanda ya san sunanta. Ina za mu kai wannan?"

"Biyo ni."

Suka shiga wani gida shiru, ba hayaƙi, ba kaza. Buraima ya cire takalmi gefen tarin itace, ya yi sallama sau uku. Ba a amsa ba.

"Buraima, ba kowa a nan," in ji Jibirin. "Wa za mu gaya wa?"

Buraima ya ciro makulli daga aljihu, ya miƙa ɗaya hannun ya karɓi awarwaron.

"Ka riga ka gaya masa," ya ce. "Tun la'asar, a kunne."