Ranar da Baƙi Suka Fasa Zuwa

Tun da ƙasashen waje suka ce ba za su buga ƙwallo a ƙasar da ke ɓoye fursunonin siyasa ba, gwamnati ta daina ɓoye su. Duk ranar wasa sai a kwaso su daga kurkuku, a yi musu aski, a sa musu fararen kaya, a jera su a kujerun gaba inda kyamara za ta ɗauke su. Kowanne da siririn ƙarfe mai jan lantarki a wuya. Wanda ya daina murmushi, ƙarfen zai tuna masa.

A haka Saude take ganin mijinta Isuhu, malamin makarantar da aka kama saboda wasiƙa ɗaya da ya rubuta wa jarida. Minti casa'in take kallonsa daga nesa, sau biyu a wata.

Ranar Asabar ta iso da tikitinta, ta tarar da ƙofar filin wasan a garƙame. Wani sajan na zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa.

"Yallaɓai, yau ba wasa ne?"

"Ba ki ji rediyo ba? Baƙin sun gano shiri ne. Sun ce ba su ƙara taka ƙasar nan."

Saude ta dafe ƙirji. "Alhamdulillahi! Yanzu dole a sake su ke nan."

Sajan ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga wandonsa, ya dube ta har da 'yar dariya.

"Baiwar Allah, ai don a nuna su ake ciyar da su. Tun shekaranjiya aka sallami masu dafa musu abinci."